Wace ƙungiya zan shiga a jami'a don ta taimake ni wajen neman aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a Jami'ar Legas, ina karanta ilimin tattalin arziki. A Agege muke zaune. Mahaifina yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, nakan taya shi ranar Asabar da lokacin hutu. Abokaina suna ta shiga ƙungiyoyi, wani har biyar yake ciki, suna cewa yanzu digiri kaɗai ba ya samar da aiki sai an cika CV, wato takardar bayanin mai neman aiki, da ayyukan wajen aji. Ni ƙungiyar ɗalibai Musulmi kawai nake ciki. Wacce zan zaɓa, kuma guda nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata a nan Legas, ina tace takardun masu nema, ina kuma zama cikin masu yi musu tambayoyi, don haka abin da mu masu ɗauka muke dubawa shi zan gaya maka. Abokanka suna da gaskiya cewa digiri kaɗai ba ya isa. Inda suka kauce shi ne zaton cewa yawan ƙungiyoyi ne ke cike giɓin. Biyu sun ishe ka, kuma kana da abu na uku a hannunka wanda ya fi su duka daraja. Zan zo kansa.

Mu fara da maki, don shi ne ƙofar farko. Idan banki ko babban kamfani ya buɗe ɗaukar sababbin masu digiri, takardu sukan yi yawan da babu mai iya karanta su ɗaya bayan ɗaya. A zagayen farko kwamfuta ce ko wani ƙaramin ma'aikaci ke tacewa da sharuɗɗa kaɗan: matakin digiri, shekarun haihuwa, takardar hidimar ƙasa, sannan a kira jarrabawar gwaji ta lissafi da Turanci da kaifin tunani. Da yawansu 2:1 suke nema, wato jimillar makinka ta kai 3.50 cikin 5.00, kuma sukan ƙayyade shekaru, galibi 26 ko 27. Duk wanda bai haye wannan ba, babu wanda zai kai ga layin da ya rubuta cewa ya shugabanci ƙungiya. Yayyenka da yajin aikin malaman jami'a ya rutsa da su, wajen wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sun san ciwon ƙa'idar shekaru. Su ba laifinsu ba ne. Amma wanda ya maimaita shekara saboda tarurruka sun hana shi karatu, shi ya jawo wa kansa.

Ka kuma yi lissafin hanya. Ɗalibin da ke kwana a hostel yana iya zama taro har ƙarfe tara na dare ya taka zuwa ɗakinsa. Kai daga Akoka, inda jami'ar take, sai ka koma Agege. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara jigila a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo yana tsayawa a Agege da Yaba, ya rage wahala, amma duk da haka sa'o'in da kake da su a mako ba su kai na abokinka ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

To, a ce ka haye tacewar farko. Yanzu duk waɗanda suke zaune a layin intabiyu 2:1 gare su ko fiye, duk sun ci jarrabawa. A nan ne ayyukan wajen aji suke fara magana, kuma ga yadda abin ke faruwa. Na ɗauki takardarka, na ga ka rubuta "mamba" a ƙungiyoyi biyar. Sai in zaɓi ɗaya in ce, me ka yi a cikinta? Mafi yawan amsar da muke samu ita ce, muna halartar taro, muna shirya bita. In ce, kai da kanka wane aiki aka ɗora maka? Sai a fara kame-kame. Daga nan na gane cewa kuɗin rajista kawai aka biya aka karɓi riga, kuma sauran huɗun ma ba sai na tambaya ba.

Tambayoyin intabiyu na irin waɗannan ayyuka kusan duk labari suke nema. Ba mu labarin ranar da kuɗin aiki ya gaza, yaya ka yi? Ba mu labarin lokacin da kuka saɓa da wanda kuke aiki tare. Wane abu ka taɓa shiryawa ya lalace, me ka canza bayan nan? Wanda bai taɓa riƙe amanar komai ba ba shi da abin faɗa, ko ya iya Turanci kamar me. Shi ya sa ma'aunina wajen zaɓen ƙungiya guda ɗaya ne: shin za a damƙa maka wani aiki da idan ba ka yi shi ba kowa zai gani? Idan za a damƙa, shiga. Idan wurin ya cika da manya har ba za ka taɓa wuce zaman kujera ba, bar shi, duk girman sunansa.

Kuma kada kujerar shugaba ta ruɗe ka. Ni a wurina ma'aji da sakatare da mai shirya taro sun fi yawan shugabanni abin nunawa. Ma'aji ya karɓi kuɗin mutane, ya rubuta, ya kashe, ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani har kwabo. Sakatare ya rubuta wasiƙa zuwa kamfani yana neman tallafi, an ƙi shi, ya gyara ya sake aikawa wani wurin. Mai shirya taro ya kama ɗaki, ya bi bako mai jawabi har ya zo, ya nemo janareta da wuta ta ɗauke. Waɗannan su ne ainihin ayyukan da za a ba ka a shekararka ta farko a ofis, kuma wanda ya taɓa yin su yana bayyana cikin minti biyu na magana.

Yanzu abu na uku, wanda ka ambata a tsakiyar tambayarka kamar ba komai ba. Kana karanta tattalin arziki, kuma duk Asabar kana tsaye a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kayan gwari na ƙasar nan. Abin yana damuna ƙwarai yadda yaranmu suke ɓoye wannan. Na sha ganin yaron da ya tashi a rumfar Mile 12, ko a mayankar Oko-Oba, ko a wurin canji, ko shagon waya a Computer Village, ya zo intabiyu ya yi shiru a kan duk wannan, ya tsaya yana ba da labarin wata bita ta kwana ɗaya da aka ba shi satifiket. Yana ganin sana'ar gidansu ba ta dace da ofis mai sanyi ba. Alhali mu abin da muke nema ke nan muna rasawa: wanda ya san yadda kaya suke tafiya, yadda kuɗi suke dawowa, da yadda ake magana da mai saye.

Duba abin da ke gabanka. Albasa tana tasowa daga Aliero da Sakkwato da Kano da sauran wurare, ta yi kwanaki a tirela kafin ta iso. Kafin a sayar da buhu ɗaya an biya kuɗin mota, an biya abin da ake karɓa a hanya, an biya 'yan dako, dillali ya cire la'adarsa. Wata ta ruɓe a hanya, wata ta yi tsiro a ajiya. Farashi yana sauka idan an cire ta rani, ya hau idan damina ta yi nisa ajiya ta ƙare, ya kuma motsa duk lokacin da man dizal ya motsa. Akwai 'yan sari masu biya nan take, akwai masu ɗauka bashi sai sun sayar. Mahaifinka ya san duk wannan a ka, ya fi malamanka sanin wasu ɓangarorinsa. Abin da babu shi ne rubutu.

Ga shawarata. Ka je wurin Baba cikin ladabi ka nemi izininsa ka riƙa rubuta lissafin rumfar. Kada ka je masa da sigar mai gyara, kamar ka zo koya masa sana'arsa. Ka ce karatu kake so ka haɗa da aiki. Ka fara da littafi, sannan ka mayar da shi cikin Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Duk mako ka shigar da farashin buhu, da inda kayan suka fito, da kuɗin mota, da buhu nawa aka yi asara, da wanda ake bi bashi da ranar da ya ɗauka. Wata uku na farko ba za ka ga komai ba sai lambobi. Idan shekara ta zagayo za ka fara ganin abin da ko tsofaffin kasuwar ba su taɓa gani a jere ba: watan da asara ta fi yawa, hanyar da kayanta suka fi lalacewa, mai ɗaukar bashin da kullum yake wuce alkawari. Idan ka kai shekara biyu, ka sami abin rubuta kundin kammala digirinka da bayanan da kai ka tattara da hannunka, a lokacin da abokanka suke kwafo na wasu. Ka koyi Excel a kan aiki na gaske, ba a bita ba. Mai yiwuwa ma ka rage wa gidanku asara, wanda wannan kaɗai ya isa dalili.

A CV kuma, da Turanci za ka rubuta, amma ma'anar ta zama kamar haka: na kula da lissafin kasuwancin albasa na iyali a Mile 12 tsawon shekara kaza, mai karɓar buhu kaza a wata, na kafa tsarin bin bashi da ya rage kwanakin biya daga kaza zuwa kaza. Kamfanonin kayan masarufi, da bankuna masu ba 'yan kasuwa rance, da kamfanonin sufuri da na fasahar noma, duk suna fama da neman wanda ya fahimci irin wannan kasuwa daga ciki. Idan na ga layin nan a takarda, a kansa zan kwashe rabin lokacin intabiyun, kuma kai ne za ka fi kowa a ɗakin sanin amsar.

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da kake ciki, ka zauna a cikinta. A nan Legas aka kafa ta a 1954, tana da tsari da rassa da tsofaffin mambobi a wurare da dama. Amma ka tashi daga sahun masu sauraro. Ka karɓi aiki: darasin taimako ga 'yan aji ɗaya a lissafi ko kididdiga, lissafin kuɗin buɗa-baki a Ramadan, shirya ziyarar asibiti. Wasu sukan tambaye ni ko rubuta ƙungiyar addini a CV yana cutarwa. Ba zan ce maka babu mai son zuciya a cikin masu ɗaukar aiki ba, akwai. Amma ɗalibai Kirista suna rubuta nasu ƙungiyoyin ba tare da fargaba ba, kuma masu hankali a cikinmu aikin suke dubawa. Ka rubuta sunan a layi ɗaya, ka ba aikin da ka yi layi biyu. Ga kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, inda sanin hukuncin ciniki a Musulunci tare da digirin tattalin arziki ƙari ne babba.

Ƙungiya ta biyu, a nan zan matsa maka: ka zaɓi wadda ba mutanenka ne a ciki ba. Mu Hausawan Legas muna da wata ɗabi'a ta dunƙulewa. Daga Agege ko Idi-Araba ko Obalende zuwa makaranta, daga aji zuwa masallaci, daga nan zuwa ƙungiyar ɗaliban jiha, duk fuskoki iri ɗaya. Zumunci ne, ba na kushe shi. Amma ofishin da kake nema a Victoria Island ko Ikeja cike yake da Yarabawa da Ibo da mutanen Edo da Kalaba, kuma ranar farko da za ka tsaya gabansu ka kare ra'ayinka bai kamata ta zama ranar intabiyu ba. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun faɗi a matakin tattaunawar rukuni, inda ake haɗa mutum shida ko takwas a ba su matsala su warware, kawai don sun saba da kunyar katse wanda yake magana. Tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a ɗakin nan wanda bai yi magana ba ba a ba shi maki. Ana iya koyon shigar da magana cikin ladabi, sai dai ba a koyonta a rana ɗaya.

Wacce za ka zaɓa ya danganta da abin da ka fi rauni a kai. Idan tsayawa gaban mutane ne ke ba ka tsoro, ƙungiyar muhawara. Idan kana son aikin da ya yi kama da kasuwanci, Enactus, wadda a da ake kira SIFE, inda ɗalibai suke ƙirƙiro sana'ar da za ta magance wata matsalar al'umma su je gasa su kare ta da lambobi. Da abin da ka sani na Mile 12 za ka shiga da ƙarfinka. AIESEC da JCI da Rotaract suna koyar da shirya aiki da hulɗa da manya. Kada kuma ka raina ƙungiyar ɗaliban sashenku, NESA, don ita ce ta fi kusa da malamai da tsofaffin ɗalibai masu aiki a bankuna. Ka halarci taron biyu ko uku cikinsu a semesta ɗaya, ka lura da wadda take yin aiki da wadda hoto kawai take ɗauka, sannan ka tsaya a guda.

Ka rubuta harsunanka a CV. Hausa, Turanci, da Yarabanci idan ka iya, wanda yaron Agege yawanci ya iya. Kamfanin da hedikwatarsa take Legas amma yana sayar da kaya a Kano da Maiduguri da Sakkwato yana buƙatar mutumin da zai tura can ya zauna da diloli su fahimci juna. Kamfanonin waya ma suna da masu amsa kira da Hausa.

Horon aiki na hutu ya fi kowace ƙungiya nauyi idan ka same shi. Shirin horon aiki na SIWES da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta fara a 1973 ya fi shafar ɗaliban injiniya da kimiyya da noma, don haka ɗalibin tattalin arziki yawanci shi ke nemar wa kansa. Ka fara nema tun farkon aji uku, kuma kada ka tsaya sai babban suna. Ƙaramin ofishin akanta da zai bar ka ka taɓa littattafai ya fi katafaren kamfanin da za ka wuni kana kwafin takardu. Yaba tana bayan makarantarku, cike da ƙananan kamfanonin fasaha, ga cibiyar fasaha ta CcHub a kan titin Herbert Macaulay da ke yawan shirya taruka. Idan kana sha'awar akanta, ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, tana da matakin farko na ATS da ɗalibi zai iya farawa tun yana makaranta. Idan banki ne, akwai jarrabawar CIBN, cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki. Guda ɗaya, idan aljihu da lokaci sun ba da dama. Satifiket ɗin kwasa-kwasan intanet kuwa, guda goma ba tare da aikin da ka yi da su ba ba sa motsa kowa.

Akwai waɗanda zan ce ka nisanta gaba ɗaya. Duk ƙungiyar da ba ta da rajista da ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko take taro a ɓoye, ko aka ce sai ka yi rantsuwa, ka gudu. Ƙungiyoyin asiri ba sa zuwa da sunansu na gaskiya, kuma sun kashe rayuka da karatun yara da yawa a ƙasar nan. Haka masu cewa ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, da masu sayar da lambar yabo, ka biya kuɗi a kira ka jakadan zaman lafiya ko gwarzon matasa. Mun san su, kuma ganinsu a takarda rage maka daraja yake yi. Siyasar ɗalibai tana koyar da abubuwa, amma tana cin lokaci fiye da komai, tana kuma iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa. Mai tahowa daga Agege kullum, ga rumfa ranar Asabar, ban ga inda zai sa ta ba.

Ga ƙannena mata da za su karanta wannan: na san taron yamma da tafiye-tafiye sukan zama abin magana a gida. Duk abin da na faɗa yana yiwuwa da rana. Wadda take sayar da atamfa ko turaren wuta ta WhatsApp tana da kasuwanci, ta rubuta lissafinsa. Wadda take koyarwa a Islamiyya tana da aji, ta san yara nawa ne da abin da suka cim ma. Ku nuna wa iyaye takardar ƙungiyar da sunan malamin da ke kula da ita. Yawancin ƙin yarda daga rashin sanin inda za a je yake tasowa.

Tsarin lokaci kuma mai sauƙi ne. A aji biyu ka shiga ka yi ƙananan ayyuka har a san ka. A aji uku ka riƙe muƙami. A aji huɗu ka miƙa wa na baya ka fuskanci kundinka da jarrabawa. Duk aikin da ka gama, a makon nan ka rubuta kwanan wata da adadin mutane da kuɗin da aka kashe, ka ajiye wasiƙu da rahoto, don bayan hidimar ƙasa ba za ka tuna ba, kuma lambar da aka ƙirƙira takan rushe da tambaya ta biyu. Wannan ajiyar za ta yi maka amfani har a abubuwan da ba neman aiki ba: tallafin karatu a Birtaniya na Chevening yana neman rubutu a kan jagorancin da ka taɓa yi, gidauniyar Tony Elumelu da take ba da jarin dala 5,000 tun 2015 tana son ganin ka san lissafin sana'arka.

Kafin ka gama, ka tabbata akwai mutum biyu da suka ga aikinka da idonsu, malami ɗaya da wani babba a wajen aji, waɗanda idan an kira su za su iya faɗin takamaiman abin da ka yi. Ka nemi izininsu kafin ka sa sunansu. CV ɗin kansa kada ya wuce shafi ɗaya: karatu a sama, sai Mile 12 da horon hutu a ƙarƙashin ƙwarewar aiki, sai ƙungiyoyin biyu, sai harsuna. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun, a gaida Baba.